Abin Da Likita Ke Ji A Ƙirjin Majinyaci

Akwai wani ƙorafi da ake yawan ji a bakin waɗanda suka dawo daga asibiti, ko a Gusau ne ko a Tsafe ko a Bungudu. Za ka ji dattijo yana cewa, "Wannan likita ko auna ni bai yi ba, sai kawai ya rubuta magani." Abin da yake nufi da awo shi ne likita ya ciro robar nan mai reshe biyu da ke rataye a wuyansa, ya toshe kunnuwansa da ita, ya ɗora bakinta mai sanyi a ƙirji da gadon baya, ya yi shiru yana saurare. A wurin mutanenmu, in ba a yi wannan ba to ba a ga likita ba. Dattijon yana da gaskiya, ko da yake in ka tambaye shi abin da likitan ke ji a ciki da wuya ya iya faɗa maka. Wasu ma na tsammanin na'urar ce ke faɗa wa likita sunan cutar, kamar yadda rediyo ke karanta labarai. Alhali kuwa irin wadda aka saba gani babu batir a cikinta, babu waya, ba ta kuma san kome ba. Sunanta sitetoskof, kalmar da aka ƙera daga Girkanci, ma'anarta mai duba ƙirji. Aikinta ɗaya ne tak, wato ta kwaso sautin da ke cikin jiki ta kai shi kunne ba tare da ya watse a iska ba. Sauran aikin duk na kunnen ne da aka horar.

Daga ganga zuwa naɗin takarda

Masu magani sun daɗe da sanin cewa jiki yana da abin faɗa. Ibn Sina, a littafinsa Alƙanun wanda ya kammala a shekarar 1025, ya yi dogon bayani a kan ire-iren bugun jijiya. Amma wannan aikin yatsa ne. Wanda yake son ji da kunne kuwa, sai dai ya manna kunnensa a fatar ƙirjin majinyaci, abin da ba kowane majinyaci ke yarda da shi ba. A shekarar 1761 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Leopold Auenbrugger, ya fito da dabarar ƙwanƙwasa ƙirji da yatsu. An ce tun yana yaro ya ga yadda mahaifinsa, mai gidan saukar baƙi, ke ƙwanƙwasa ganguna don ya san inda abin da ke ciki ya tsaya. Duk matar da ta taɓa zaɓen tukunya a kasuwar Tsafe ta san wannan ilimi, domin lafiyayyar tukunya amonta daban, mai tsaga amonta daban. Haka ƙirji yake. Inda huhu ke cike da iska sai ya amsa kamar kifaffiyar ƙwarya, inda ruwa ya taru kuwa sai amon ya mutu, kamar ka bugi cinya.

A shekarar 1816, a birnin Faris na Faransa, wani likita mai suna René Laennec ya je duba wata matashiya mai alamun ciwon zuciya. Mace ce mai jiki, saboda haka ƙwanƙwasawa ba ta nuna kome ba, kunya kuma ta hana shi ɗora kunne a ƙirjinta. Sai ya tuna cewa in aka ƙarci ƙarshen dogon katako da allura, wanda ya kara kunne a ɗaya ƙarshen yana jin ƙarar sarai. Nan take ya naɗe takardu, ya ɗora baki ɗaya a saitin zuciyarta, ɗayan a kunnensa, ya kuwa ji bugun zuciyar raɗau fiye da yadda ya taɓa ji. Daga baya ya sassaƙa bututun katako mai tsawon kamar santimita 25.

A ganina bututun shi ne ƙaramin aikin Laennec. Babban aikinsa shi ne abin da ya biyo baya a asibitin Necker, inda ya riƙa sauraron ƙirjin majinyata yana rubuta abin da ya ji, in ɗayansu ya cika kuma sai ya bincika gawar ya ga abin da ya haddasa wannan sauti. Ta haka ya ɗaure kowane sauti da cutarsa, ya wallafa littafi a kai a 1819. Ya rasu a 1826 yana da shekara 45, tarin fuka ne kuma ajalinsa, cutar da ya fi kowa sanin muryarta. Mai kunne biyu ta samu karɓuwa ne ta hannun George Cammann na Amurka a 1852, siffar da aka fi gani yau kuwa David Littmann ya gyara ta a shekarun 1960. Bakinta yakan zo da fuska biyu. Mai faɗi da aka rufe da faifan roba ta fi kama siraran sautuka irin na numfashi, mai zurfi kamar ɗan kofi kuma ta fi kama masu kauri, waɗanda kunnen ɗan Adam ke wahalar ji.

Gida mai ƙyamare huɗu

Zuciya tsoka ce da ba ta wuce dunƙulen hannun mai ita ba. An raba ta sashe biyu, dama da hagu, kowane sashe da zaure a sama da ɗaki a ƙasa. Jinin da ya gama zagaya jiki yana shiga zauren dama, ya gangara ɗakin dama, a tunkuɗa shi huhu ya sha iska. Daga huhu ya dawo zauren hagu, ya gangara ɗakin hagu, a harba shi ko'ina a jiki. Ibn Nafis, wanda ya yi aikin likita a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya fara bayyana wannan ratse ta huhu, kafin William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jinin gaba ɗaya a 1628.

A wannan hanya akwai ƙyamare huɗu, kowanne yana buɗewa gaba ne kawai don kada jini ya koma baya. Biyu suna tsakanin zaure da ɗaki, biyu kuma a bakin manyan jijiyoyin da ke fita. Buɗewarsu ba ta da ƙara a lafiyayyen mutum. Rufewarsu ce ake ji. Sa'ad da ɗakunan suka matse, ƙyamaren ciki biyu su rufe tare, a ji sauti mai kauri, "lub". Sa'ad da suka saki, na waje biyu su rufe, a ji gajere mai kaifi, "dab". Baligi in yana hutawa zuciyarsa na yin haka sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kimanin sau 100,000 ke nan a kwana ɗaya. Dalilin da ya sa likita ke yawo da bakin na'urar shi ne kowane ƙyaure yana da wurin da aka fi jin sa. Na tsakanin zaure da ɗakin hagu, alal misali, a ƙarƙashin nonon hagu ake neman sa, tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida.

Tsakanin "lub" da "dab" shiru ya kamata a ji. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Gulbin Sakkwato inda ya ratsa Gusau ya nufi Bungudu ya san ruwa yana tafiya shiru inda gulbi ke da faɗi, amma da ya iso matsatsi ko duwatsu sai ya kama ruri. Jini ma in ya ratsa ƙyauren da ya tsuke, ko ya tsiyaya baya ta wanda ba ya rufuwa da kyau, sai a ji wani "shuu" ya cike gurbin shirun. Wannan shi likitoci ke kira gunagunin zuciya. Ba kowane gunaguni ne ciwo ba. Yara da yawa masu ƙoshin lafiya suna da shi, haka kuma wanda zazzaɓin cizon sauro ko sikila ta shanye masa jini, domin jinin ya tsinke yana gudu da sauri. A irin wannan hali ƙyamaren lafiyarsu lau, jinin ne ke bukatar gyara.

Gunagunin da ya kamata malaman makaranta su san labarinsa shi ne wanda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro. Wata ƙwayar cuta mai suna sitireftokokas takan kama maƙogwaron yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15. In ba a kashe ta da magani ba, bayan mako biyu ko uku wasu yaran sai su tashi da zazzaɓi da ciwon gaɓɓai mai yawo, yau gwiwa, gobe idon sawu. A gida a ce sanyi ne. Abin da ke faruwa a ciki shi ne garkuwar jiki, garin yaƙar ƙwayar, ta kuskure ta auka wa ƙyamaren zuciya. In abin ya yi ta maimaituwa, ƙyauren ya yi tabo ya ƙage, bayan shekaru a ga saurayi ko budurwa ba ta iya ɗebo ruwa sai da haki. Kai yaro wurin wanzami a cire masa belu ba ya taɓa wannan ƙwaya ko kaɗan. Fenisilin ke kashe ta, yaron da aka gano zuciyarsa ta taɓu kuma allurar fenisilin ake yi masa duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, don tabon kada ya ƙaru.

Sukuwar doki a ƙirjin mai jego

Akwai sauti na uku da kan biyo bayan "dab", mai kauri ƙwarai, wanda sai da fuskar nan mai zurfi ake kama shi. In ya haɗu da bugu mai sauri sai ƙirji ya riƙa kaɗawa uku-uku kamar kofaton doki a filin hawan salla, shi ya sa ma likitoci suka sa masa suna sukuwa. A yaro ko matashi lafiyayye ana iya jin sa ba da wata illa ba. A wanda ke haki da kumburi kuwa, alama ce cewa ɗakin hagu ya saki, ya kasa fitar da jinin da ke shigo masa, sabon jini na faɗowa a kan tsohon da ya kwanta.

A ƙasar Hausa wannan sauti yana da tarihi na musamman. A shekarun 1970, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi diddigin mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza a wajejen haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. Yawan cutar da suka gani ya ba duniyar likitoci mamaki. A 2007 wani bincike daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ya samu mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Mai karatu ya tuna cewa sai a ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Zamfara daga Jihar Sakkwato, mutanen ɗaya ne, al'adar jegon ma kusan ɗaya ce.

Likitocin Zariya sun ɗora zargi a kan al'adar: wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam irin na gishiri, wanda ke riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki. An daɗe ana karantar da haka. Sai dai kimiyya ba ta rufe littafi. Wani bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitoci 22 na Nijeriya, wanda ya fito a 2020, ya duba mata fiye da 400 masu wannan cuta, mafi yawansu daga Arewa maso Yamma. Da aka kwatanta su da lafiyayyun masu jego, wankan da kunun ba su fito a matsayin musabbabi ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wani aikin nasa a Kano kuma ya samu ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu cutar. Wannan ba ya nufin a ci gaba da ɗirka wa marar lafiya kanwa. Zuciyar da ta riga ta raunana gishiri da zafi nauyi suke ƙara mata, ko da ba su suka fara kayar da ita ba. Shi kuwa hawan jinin masu ciki, da wannan na'ura dai ake gano shi a wurin awon ciki, ta hanyar sauraron bugun jijiyar hannu, dabarar da Nikolai Korotkoff na Rasha ya fito da ita a 1905.

To, mu ɗauka an kawo mai jego ƙaramin asibiti a wani ƙauye na Tsafe, wata biyu da haihuwa. Tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, ƙafafu sun kumbura, ba ta da ƙarfi. Dangi sun ce mura ce da rashin jini, a taimaka a yi mata ƙarin ruwa, don mutanenmu sun yi imani da ƙarin ruwa ƙwarai. Babu hoton ƙirji a nan, babu likitan zuciya. Zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau kuɗi ne, ga matsalar tsaro da ta sa tafiyar dare ta zama kasada a 'yan shekarun nan. Malamin asibitin da ke wurin, wataƙila ɗaya daga cikin waɗanda Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe ta yaye, shi zai yanke hukunci. In ya ɗaura mata ruwa ba tare da ya saurara ba, ya ƙara ruwa ne a kan huhun da ke nutsewa, tana iya cikawa kafin asuba. In ya zaunar da ita ya saurara na minti biyu, ya ji sukuwa a gaba, ya ji ƙasan huhu duka biyu na tsartsatsi a baya, zai gane cewa ruwa ya yi mata yawa ne, maganin sa fitsari take bukata da kuma mota zuwa Gusau. Da yawa daga cikin irin waɗannan mata zuciyarsu na farfaɗowa cikin watanni in an kama abin da wuri.

Muryar huhu

Wancan tsartsatsi Laennec ya kwatanta shi da gishirin da aka watsa a kasko mai zafi. Mai son ya ji makamancinsa ya murza 'yan silin gashi tsakanin yatsu kusa da kunnensa. Ƙananan hanyoyin iska ne da ruwa ya manne, suke ɓallewa ɗaya bayan ɗaya in an ja numfashi. In a ƙasan huhu duka biyu ne, a tuhumi zuciya. In a wuri ɗaya ne, ga zazzaɓi da ciwon haƙarƙari, a tuhumi nimoniya. A nan likita kan ce wa majinyaci ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, domin huhun da ya cushe ya daskare yana isar da murya fiye da mai iska, daidai da katakon da Laennec ya tuna. Mai asma kuwa, wadda kan tashi lokacin ƙurar hunturu, ƙirjinsa fito yake kamar sarewa saboda hanyoyin iska sun tsuke. In rigar huhu ta kumbura sai a ji kuka irin na sabon takalmin fata. Abin da ya fi duk waɗannan tayar da hankalin likita shi ne shiru. Mai asma da ke fama amma fiton ya ɗauke, iska ce ta daina shiga. Wanda ya yi haɗarin mota aka ji ɓangare ɗaya na ƙirjinsa tsit, mai yiwuwa huhun ne ya motse, iska ko jini ya danne shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 nimoniya ta kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara biyar. Da yake ba kowane ƙauye ke da mai kunnen da aka horar ba, hukumar ta koyar da hanyar da ba ta bukatar kome sai ido da agogo. A bari yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Jariri da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Yaro mai tari da ya kai wannan adadi, ko ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa ciki duk jan numfashi, a kai shi asibiti ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ɗalibin aji ɗaya na sakandare zai iya yi wa ƙanensa wannan ƙirge. Rigakafin nimoniya kuma ya shiga jerin alluran yara a Nijeriya tun daga 2014.

Inda kunne ke tsayawa

Kada dattijonmu ya ɗauka duk wanda aka auna aka ce ba a ji kome ba ya tsira. Tarin fuka na iya cin saman huhu alhali ƙirji na amsawa kusan lafiya lau. Shi ya sa tarin da ya kai mako biyu gwajin kaki ake yi masa, maganinsa na wata shida kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka keɓe. Ta fannin zuciya ma haka. A 1953 Inge Edler da Hellmuth Hertz a ƙasar Suwidin suka fara duba zuciya da amsa-kuwwa. Wanda ya yi kira a gindin Dutsen Kwatarkwashi ya ji muryarsa ta dawo ya san tushen dabarar: na'ura ce ke aika sautin da ya fi ƙarfin jin kunne, ta karɓi dawowarsa, ta zana ƙyamaren suna motsi. Da aka gwada ta a kan 'yan makaranta a Mozambik da Kambodiya, a wani bincike na 2007, ta gano masu tabon ƙyaure kimanin ninki goma na waɗanda kunne ya gano. Amma irin wannan na'ura a manyan asibitoci take, kuma galibi kunnen wani ne a Tsafe ko Bungudu ke zaɓo wanda za a tura gare ta.

Malamin kimiyya zai iya kawo wannan darasi cikin aji da mazurari ƙarami da guntun tiyo mai tsawon kamu biyu. A cusa wutsiyar mazurarin a tiyon, a ɗaure da roba, a kifa bakinsa a ƙirji, a kara ɗaya ƙarshen a bakin kunne ba tare da an tura shi ciki ba. Maza da maza, mata da mata. Kowa ya ƙirga bugun abokinsa na daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu, sannan a zagaya fili da gudu a sake ƙirgawa. In an samu aron sitetoskof na gaske, a ɗora shi a saman ƙirji, gefen hagu na ƙashin tsakiya, a sa ɗalibi ya ja numfashi a hankali. Mai kunne zai ji "dab" ɗin ta rabu biyu, ta sake haɗewa in an saki numfashin. Jan numfashi ne ke jawo ƙarin jini sashen dama, ɗakin dama ya ɗan makara wajen juye shi, ƙyaurensa ya rufe bayan na hagu da ɗan taƙi.